Scotia: Asalin Wani Garin 'Yan Katako da Tarihin Yawan Mutanensa

Gabatarwa

A shekara ta 2010, sa'ad da gwamnatin Amurka ta yi ƙidayar jama'a, an sami mutum 850 a wani ƙaramin gari da ake kira Scotia, a arewacin jihar Kalifoniya. Garin yana da gidaje wajen 270, da makaranta, da majami'u biyu, da shaguna, da gidan sinima. Amma a cikin dukan iyalan da aka ƙidaya, babu ko ɗaya da yake zaune a gidan kansa. Kowa ɗan haya ne. Shekara fiye da 120 ke nan ana haihuwa a garin, ana aure, ana zuwa aiki ana dawowa, amma ƙasar da gidajen duka na kamfanin katakon da ya kafa garin ne, daga baya kuma suka koma hannun waɗanda suke bin kamfanin bashi.

A wannan darasi za mu bi tarihin Scotia daga farkonsa, mu ga su wane ne suka zo, me ya kawo su, me ya riƙe su, me kuma ya watsa su. Duk wanda aka tura aiki wani gari, abu na fari da yakan tambaya shi ne yawan mutanen wurin. Tambayar tana da kyau, amma ba ta isa ba. Adadin mutane sakamako ne na wani abu da yake a ƙarƙashinsa. A Scotia wannan abin a fili yake, gama garin ya dogara ga aiki ɗaya da mai gida ɗaya. Yawan mutanensa ya riƙa hawa da sauka bisa ga amsar da aka ba tambaya guda: da wane irin sauri za a sare itatuwan kurmi? Masu ba da amsar kuwa ba mazauna garin ba ne.

Ƙasar da itatuwanta

Scotia yana bakin Kogin Eel ne, a gundumar Humboldt, kimanin kilomita 45 kudu da birnin Eureka, kusan kilomita 400 kuma arewa da San Faransisko. Ƙasar tuddai ce da kwaruruka, ba ta da nisa da tekun Fasifik. Ruwan sama yana da yawa a lokacin sanyi, da rani kuma hazo mai laima yakan taso daga teku ya rufe kurmi. A irin wannan yanayi ne itacen da Turawa suke kira redwood yake girma, wato jan itace, saboda launin katakonsa.

Babu itacen da ya kai shi tsawo a duniya. Wanda ya fi duka tsawo a cikin waɗanda aka auna ya wuce mita 115. Waɗansu sukan yi shekara fiye da 2,000 a tsaye. Katakonsa ba ya saurin ruɓewa, gara ba ta cika damunsa ba, yana kuma da sauƙin tsagawa. Saboda haka magina suka ƙaunace shi. Kafin a fara saransa, kurmin jan itace ya kai wajen eka miliyan 2 a gefen tekun. A yau abin da ya rage na tsohon kurmin da gatari bai taɓa ba bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Ya kamata mu riƙe wannan tun daga farko. Manomi yana shuka bana ya girbe bana. Mai saran jan itace kuwa yana girbin abin da ya fara tsiro tun kafin a haifi kakannin kakanninsa. Idan ya sare, ba shi ba, ko jikansa ba zai ga irinsa a wurin ba.

Waɗanda aka tarar da waɗanda aka kora

Tarihin yawan mutanen gari ba ya farawa daga ranar da baƙi suka kafa bukka. Kafin zuwan Turawa, mutanen Wiyot ne suke zaune a bakin mashigin teku na Humboldt da kuma ƙasan Kogin Eel, suna kamun kifi, suna sassaƙa jiragen ruwa da gina ɗakuna da jan itace. Sunansu ma daga sunan da suke kiran kogin ya samo asali. Wurin da Scotia yake a yau yana wajen iyakar ƙasarsu ne.

An gano zinariya a Kalifoniya a 1848, mutane suka kwararo daga ko'ina. A 1850 baƙi suka sauka a mashigin Humboldt suka kafa Eureka. Ba a daɗe ba suka gane cewa arzikin wurin itace ne, gama San Faransisko tana girma, tana kuma bukatar katako. Shekara goma bayan haka, a daren 26 ga Fabrairu 1860, waɗansu daga cikin baƙin suka auka wa mutanen Wiyot a tsibirin Tuluwat da waɗansu ƙauyuka, a lokacin bikinsu na shekara. Suka kashe mutane masu yawa, mafi yawansu mata da yara da tsofaffi. Ba a hukunta kowa ba. Waɗanda suka tsira aka kwashe da yawa daga cikinsu zuwa wuraren da gwamnati ta keɓe. Sai a 2019 ne birnin Eureka ya gama mayar wa jikokinsu abin da yake hannunsa na tsibirin.

Akwai kuma kora ta biyu. A Fabrairu 1885 mutanen Eureka suka tilasta wa Sinawan da suke zaune a birnin, su ɗaruruwa, suka shiga jiragen ruwa suka bar garin. A shekarar da ta biyo baya aka kori Sinawa daga sauran garuruwan gundumar. Wannan ya faru ne daidai lokacin da ake kafa Scotia. Saboda haka idan muka duba jerin mutanen farko na garin muka ga kusan dukansu fararen fata ne, kada mu ɗauka haka kawai abin ya zo. An riga an share wurin, an kuma rufe ƙofa ga waɗansu. Ƙidaya tana nuna waɗanda suke nan, ba ta faɗin waɗanda aka hana zama.

Daga sansani zuwa gari

A 1863 waɗansu 'yan kasuwa biyu, A. W. McPherson da Henry Wetherbee, suka sayi kurmi eka 6,000 a bakin Kogin Eel, a kan dala 1 da kwata kowace eka. Wannan shi ne tushen kamfanin Pacific Lumber. Amma kusan shekara 20 ba a yi wani saran kirki ba. Dalili kuwa shi ne, sayen itace daban, fitar da shi daban. Gungume ɗaya na jan itace yakan fi ƙarfin keken shanu. Masu sara biyu sukan yi kwanaki a kan itace ɗaya da gatari da dogon zarto, sa'an nan a ɗaure gungumen a jerin bijimai su ja shi a kan hanyar da aka shimfiɗa da itace. Daga cikin kwarin zuwa tashar jiragen ruwa kuma babu hanya.

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na fari, a farkon shekarun 1880 wani mai kamfanin katako a Eureka, John Dolbeer, ya ƙirƙiro injin tururi mai naɗe igiya yana jan gumagumai, wanda ya maye gurbin bijimai a hankali. Na biyu, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa kwarin Eel da bakin teku. A 1882 kamfanin ya fara sara. Ya kafa sansanin ma'aikata ya kira shi Forestville, wato garin kurmi. Bayan 'yan shekaru aka gina ma'aikatar tsaga katako a wurin.

Sansanin farko ba gari ba ne. Bariki ne na maza zalla, mafi yawansu marasa aure, masu kwana a ɗakin taro, masu ci a ɗakin girkin kamfani. Irin waɗannan ma'aikata ba sa zama. Sukan yi wata shida a nan, su karɓi albashi, su wuce gaba. Kamfanin da ya zuba kuɗi a manyan injuna kuwa yana bukatar ƙwararrun da za su daɗe, kamar mai wasa zarto da mai lura da tukunyar tururi. Hanyar riƙe irin wannan mutum ita ce a ba shi wurin da zai ajiye iyali. Daga nan ne aka fara gina gidaje, da makaranta, da wurin sujada.

A 1888 aka buɗe gidan waya. Da yake akwai wani Forestville a gundumar Sonoma, sai aka bukaci sabon suna. Da yawa daga cikin ma'aikatan sun fito ne daga gabashin Kanada, daga lardunan Nova Scotia da New Brunswick, don haka aka sa wa garin Scotia. A wannan shekara ma'aikatan kamfanin sun kai wajen 300, ya kuma zama mafi girma a cikin kamfanonin katako na gundumar.

Me ya kawo mutanen gabashin Kanada har ƙarshen yammacin nahiyar? Sana'arsu ce ta kawo su. Su da maƙwabtansu na jihar Maine 'yan katako ne kaka da kakanni, manyan itatuwan ƙasarsu kuwa sun riga sun ragu. Wato mutanen da suka kafa Scotia, ƙarewar wani kurmi ce ta koro su. Bayansu sai ga mutanen Italiya, da na Fotugal, da na ƙasashen arewacin Turai kamar Suwidin da Finlan. Kowane rukuni ya zo da harshensa da ɗarikarsa.

Garin kamfani

A 1895 gobara ta cinye ma'aikatar da babban sashe na garin, aka sake ginawa. A 1905 kamfanin ya shiga hannun iyalin Murphy, zuriyar Simon J. Murphy, ɗan katako haifaffen Maine wanda ya yi arziki a jihar Michigan. Shekara guda bayan haka girgizar ƙasa da gobara suka rushe San Faransisko, sake ginin birnin kuma ya ci katako mai yawan gaske. A 1910 aka gama ma'aikata ta biyu a Scotia, wadda ta yi suna a matsayin mafi girma a duniya wajen tsaga jan itace. A 1914 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa gundumar da yankin San Faransisko. Kafin 1920 ma'aikatan kamfanin sun kai wajen 1,500.

Shekarun 1920 ne suka ba garin siffar da yake da ita har yau. Aka gina gidan sinima na Winema, da banki mai ginshiƙai na gumagumai waɗanda ba a ɓare ɓawonsu ba, da babban masauƙin baƙi, da asibiti. Aka kuma gina majami'u biyu. Ɗaya ta Katolika ce, mai sunan Patrick mai tsarki, inda yawancin mutanen Italiya da Fotugal suke zuwa. Ɗayar kuwa majami'ar haɗin kai ce, wadda ta tara 'yan ɗariku dabam dabam na Furotesta a ƙarƙashin rufi ɗaya. Garin bai isa ya ɗauki majami'a ga kowace ɗarika ba, kuma ba mai iya sayen fili ya gina tasa, gama filin duka na kamfani ne.

Ga ma'aikaci, zaman Scotia yana da daɗi. Haya ba tsada. Kamfani ne yake shafa wa gidaje fenti, shi ne yake gyaran famfo da rufi, shi ne yake kwashe shara. Wutar lantarki daga tashar kamfani take fitowa, wadda take ƙona ɓawo da dusar katako. Akwai fansho, daga baya kuma aka fara ba 'ya'yan ma'aikata tallafin karatun jami'a. Mutane sukan rubuta suna su jira a sami gidan da ba kowa. Ɗa yakan gaji ubansa a bakin inji, jika ya gaji ɗa.

Amma akwai sharaɗi. Gidan na ma'aikaci ne muddin yana aiki. Wanda aka sallama, ko ya bari don kansa, ko ya yi ritaya, dole ya kwashe kayansa. Ba a zaɓen shugaban gari, ba majalisar gari, ba kuma ƙungiyar ƙwadago a kamfanin. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Sakamakon wannan sharaɗi ga yawan jama'a shi ne, garin ba ya iya girma fiye da gidajen da kamfani ya ga dama ya gina, kuma gari ne na masu ƙarfin aiki da 'ya'yansu. Mutum yana iya yin shekara 40 a gida ɗaya, ya yi renon 'ya'yansa a ciki, amma ba zai tsufa a ciki ba. Shi ya sa a yawancin ƙarni na 20 mutanen garin ba su yi nisa da 1,000 ba, ko a lokacin da ma'aikatan kamfanin suka fi haka yawa.

To, ina sauran suke? A ƙetaren kogi. Akwai gada tsakanin Scotia da wani gari da ake kira Rio Dell. A can mutum yana iya sayen fili ya gina nasa. A can ne iyalan Italiya da yawa suka zauna, can ne masu ritaya da yawa suka koma, can ne kuma wuraren sha da caca suke, waɗanda kamfani bai yarda da su a garinsa ba. Rio Dell ya sami majalisar kansa a 1965, mutanensa kuma sun wuce 3,000 a yau. Wanda ya ƙidaya Scotia bai ƙidaya Rio Dell ba, rabin labari ya ji. Tsabtar da baƙi suke yabo a Scotia ta samu ne domin an tura tsufa da rashin aiki da hayaniya zuwa ɗaya gefen gadar.

Sara da auna

A 1931 Albert Stanwood Murphy ya zama shugaban kamfanin. A zamaninsa ne aka bar al'adar share kurmi gaba ɗaya, aka koma zaɓen itatuwa. Idan aka shiga wani yanki, sai a sare waɗansu a bar waɗansu a tsaye, domin su riƙe ƙasa, su zubar da iri, su kuma ƙara kauri. Manufar ita ce kada a sare fiye da abin da kurmin yake iya mayarwa. A wannan shekara ta 1931 kuma kamfanin ya sayar da wani babban yanki na tsohon kurmi ga ƙungiyar masu ceton jan itace, da taimakon kuɗin John D. Rockefeller ƙarami, aka mai da shi gandun gwamnati.

Wannan tsari ne ya riƙe garin shekara 50. Sauran kamfanoni da yawa sun sare nasu da sauri, suka rufe, garuruwansu suka zama kufai. Scotia ya tsaya. Ko ambaliyar Disamba 1964, wadda ta kwashe tulin gumagumai da katako daga filin ma'aikatar ta kai teku, ba ta tashe shi ba. Aka share laka aka koma aiki. Kafin tsakiyar shekarun 1980 kamfanin yana da kurmi kusan eka 200,000, a ciki har da tsohon kurmin jan itace mafi girma da ya rage a hannun 'yan kasuwa. Bashin da ake binsa kaɗan ne, asusun fansho kuma ya fi abin da ake bukata.

Amma wannan tattalin shi ne ya jawo masa ido. Tun 1975 ana sayar da hannun jarin kamfanin a kasuwar New York, rabon iyalin Murphy kuma ya ragu ƙwarai. Duk mai lissafi yana iya ganin cewa darajar itatuwan da suke tsaye ta fi kuɗin da za a biya a sayi kamfanin duka.

Shekarar 1985

A ƙarshen 1985 wani attajiri daga Houston ta jihar Teksas, Charles Hurwitz, ya nemi sayen kamfanin ta hannun kamfaninsa Maxxam. Cinikin ya wuce dala miliyan 800, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne mai kuɗin ruwa mai tsada, wanda bankin Drexel Burnham Lambert ya shirya. Ma'aikata fiye da 300 suka sa hannu a wata sanarwa a jaridar Eureka suna nuna ƙin yarda. Amma ma'aikata ba su da hannu a shawarar. Aka kammala cinikin a farkon 1986, aka kuma ɗora bashin a wuyan kamfanin da aka saya.

Sa'ad da sabon mai kamfanin ya zo Scotia ya gana da ma'aikata, ya yi wata magana da ba a manta da ita ba. Turawa suna kiran koyarwar da take a Matiyu 7:12 da sunan ƙa'idar zinariya. Shi kuwa ya juya sunan, ya ce ma'anarsa ita ce wanda yake da zinariya shi ne mai mulki. Ko wasa ya yi, ko da gaske yake, mutanen da suka ji shi sun gane matsayinsu. A gaskiya haka abin yake tun 1882. Bambancin kawai shi ne, a dā mai zinariyar yana tunanin jikoki, yanzu kuwa yana tunanin ranar biyan bashi.

Bashi ba ya jiran itace ya girma. Aka ninka yawan saran da ake yi kusan sau biyu, aka koma share kurmi gaba ɗaya a wurare da yawa. Aka sayar da waɗansu kadarorin kamfanin. Aka rufe tsohon asusun fansho, aka kwashe rarar da take ciki, fiye da dala miliyan 50, aka mai da hakkin masu ritaya hannun wani kamfanin inshora mai suna Executive Life, wanda ya durƙushe a 1991.

A nan akwai abin da ɗalibin tarihi zai lura da shi sosai. A shekarun farko bayan cinikin, yawan ma'aikata ƙaruwa ya yi. Aka ɗauki sababbi, aka ƙara awoyin aiki, albashi ya yi kauri. Wajen shekara ta 2000 kamfanin yana da ma'aikata kimanin 1,600. Wanda ya dubi adadi kaɗai a lokacin zai ce garin yana cikin albarka. Alhali kuwa ana cin iri ne, ana kiransa girbi.

Rikici da faɗuwa

Masu kare muhalli suka tashi. Suka kai ƙara kotu saboda tsuntsayen da ba sa sheƙa sai a tsohon kurmi, waɗansu suka tare hanyoyi, waɗansu suka hau itatuwa suka zauna. A daren shiga shekarar 1997 ƙasa ta zaftare daga wani tudun da aka share, ta rushe gidaje 7 a ƙauyen Stafford kusa da Scotia. A kan wannan tudun ne wata budurwa, Julia Hill, ta hau wani tsohon itace a Disamba 1997, ba ta sauko ba sai bayan kwana 738. A Satumba 1998 itacen da wani ma'aikaci ya sare ya kashe wani matashi mai zanga-zanga, David Chain.

Mutanen Scotia suka sami kansu a tsaka mai wuya. Da yawa sun san saran ya yi yawa, sun ma faɗa da bakinsu tun 1985. Amma abincinsu da rufin kansu a hannun kamfanin suke. Mutumin da zai rasa aiki da gida a rana ɗaya ba ya saurin buɗe baki. Saboda haka fushinsu ya fi sauka a kan masu zanga-zangar da suke gani da ido, kamar yadda aka ce, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kamfanin kuma bai daina kula da garin gaba ɗaya ba. Sa'ad da girgizar ƙasa ta Afrilu 1992 ta jawo gobarar da ta cinye rukunin shagunan garin, shi ne ya sake gina su.

A Maris 1999 gwamnatin tarayya da ta jihar Kalifoniya suka biya kusan dala miliyan 480 suka sayi kurmin Headwaters da waɗansu yankuna, aka kuma sa wa sauran ƙasar kamfanin sababbin ƙa'idodin sara. Duk da wannan kuɗi, bashin bai tafi ba. Manyan itatuwa kuma suka ƙare. Tsohuwar ma'aikatar da aka gina domin manyan gumagumai ta rufe a 2001. Aka riƙa sallamar ma'aikata rukuni rukuni. A Janairu 2007 kamfanin ya kai kansa kotu a Teksas ya ce ya kasa biyan bashinsa. Kafin 2008 ma'aikatan da suka rage wajen 350 ne. A wannan shekara kotu ta raba gadon: kurmi da ma'aikata suka koma ga wani sabon kamfani, Humboldt Redwood, garin kuma, da gidajensa da titunansa, ya koma ga wani kamfanin zuba jari na New York da yake bin bashi.

Garin bayan kamfani

Sabon mai garin ba ɗan katako ba ne, burinsa ya sayar ya mai da kuɗinsa. Amma sayar da garin kamfani ba abu ne mai sauƙi ba. Babu iyaka tsakanin gida da gida a takarda, gama duka fili ɗaya ne. Bututun ruwa da wayoyin wuta a haɗe suke da na ma'aikata. Sai da aka auna filaye, aka sake shimfiɗa bututu, aka kuma kafa hukumar da mazauna suke zaɓa domin kula da ruwa da magudanai. A 2017 aka fara sayar da gidaje. Karo na fari ke nan tun kafa garin da mutum zai iya cewa wannan gidana ne, ya kuma tsufa a ciki.

Ƙidayar 2020 ta sami mutum 681, wato ƙasa da na 2010 da mutum 169. Ma'aikatar katako tana aiki har yanzu, amma da ƙananan itatuwa da mutane kaɗan. Mazauna da yawa a yau ba su da wata dangantaka da katako, suna fita aiki waɗansu garuruwa ne su dawo. Garin ya ragu, amma a karo na fari yawan mutanensa bai rataya ga littafin albashin kamfani ɗaya ba.

Kammalawa

Idan muka jera adadin, za mu ga haka: ma'aikata 300 a 1888, wajen 1,500 a 1920, kimanin 1,600 wajen 2000, sai 350 a 2008. Adadin 1920 da na 2000 sun yi kusa da juna, amma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. A 1920 akwai kurmin da zai ciyar da tsara uku a gaba. A 2000 shekara bakwai ta rage a je kotu. Zamanin iyalin Murphy ya fi na bayansa alheri nesa ba kusa ba, duk da haka shi ma ya bar mutanen garin ba su da ƙasa, ba su da ƙuri'a, ba su da ƙungiya. Da mai kirkin ya tafi, ba su da abin da za su tare wanda ya biyo bayansa da shi. A wancan zamani, majami'u biyun garin ma a kan filin mai kamfanin suke tsaye, masu zama a kujerunsu kuma 'yan hayarsa ne.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne mutane ne ƙidayar farko ta Scotia ba za ta nuna ba, kuma me ya sa?
2. Ta yaya sharaɗin barin gida bayan barin aiki ya shafi irin mutanen da ake samu a Scotia da kuma a Rio Dell?
3. Yawan ma'aikata ya ƙaru bayan 1986. Me ya sa wannan ƙaruwa ba alamar lafiya ba ce?
4. A ganinka, wace irin wahala shugaban ikkilisiya zai fuskanta wajen faɗin gaskiya a garin da majami'arsa da gidajen dukan membobinsa suke hannun mai kamfani ɗaya?
5. Ka binciki garin da kake aiki. Me ya kafa shi? Su wa aka tarar a wurin? Wane aiki ne yake riƙe da yawancin iyalai, kuma a ina ake yanke shawara a kan wannan aiki?